Baba Yana Shago

Ni tela ne, bango ɗaya ya raba shagona da shagon gas na Baba. Saboda haka abin da zan faɗa muku ba a majalisa na tsinto shi ba. Wani da idona na gani, wani ta bango na ji, wani kuwa da hancina na shaƙa.

Shagon Baba ba irin nawa ba ne, da in na ga dama gobe in miƙa wa ɗana makulli in ce Allah ya ba da sa'a. Nasa na wakilci ne. Kamfanin gas ne ya ba shi izinin sayarwa da sunansa, da fentinsa, da allonsa, da tukwanensa. Kamfani kuwa ba ya kyauta, sai da ya gindaya sharuɗɗa. Wanda aka ba wakilci shi zai riƙa zama a shago da kansa. Ba ya sayar da shi, ba ya kyautar da shi, ba a kuma raba shi kamar fili. In tsufa ko ciwo ya kayar da shi, dole a sanar, kamfani ya mayar da wakilcin sunan mutum ɗaya tak, shi ma sai wanda ya yi kwas ɗinsu ya ci, ya kuma yi aiki a shagon da hannunsa. In babu irin wannan a gidan, su zo su sauke allonsu su kwashe tukwanensu.

A gidan Baba akwai irin wannan mutum. Abin da ya ɓata lamarin kawai, mace ce.

Auta ce, 'yarsa ta ƙarshe. Ita ta yi kwas, ita ke buɗe shago, ita ke ɗora tukunya a sikeli, ita ke cikawa, ita ke rigima da direbobin kamfani in sun kawo tukunya mai tsatsa. Tana da aure, mijinta direban babbar mota ne da bai san ma launin ƙofar shagon ba. Sai kuma yayanta, babban ɗan Baba, wanda kowa ke kira Manaja. Sunan ya samo shi ne daga yawo da makullai a yatsa da yin waya da ƙarfi a bakin titi. Ban da rimot ɗin talabijin na gidansu, ban san abin da ya taɓa gudanarwa ba.

Baba yana da ciwon suga. Wata rana gindin tukunya ya ƙwarzane shi a babban yatsan ƙafa. Ɗan rauni ne da ko yaro ba zai yi wa kuka ba, amma ya ƙi warkewa, ya fara kumbura yana ruwa. Auta ta kai shi asibiti, likita ya duba ya ce wannan ba na ɗauri a tafi gida ba ne, dole a kwantar da shi a yi jinya mai tsawo. Suka dawo ɗaukar kaya. A ƙofar shago Manaja ya tare su, da Mama, mahaifiyarsu, a bayansa, suka shige ciki aka turo ƙofa. Sun manta bangon nan bulo ɗaya ne.

"A kwantar da wa?" in ji Manaja. "Ke Auta, kanki ɗaya kuwa? Jami'in kamfani ya zo ya ga kujera babu kowa, mu ce masa me?"

"Mu ce masa gaskiya, Yaya. Baba ba shi da lafiya."

"Sannu mai gaskiya. Daga nan sai su ce wa ya yi kwas, sai ki ɗaga hannu, ko? Ai na daɗe da gano ki."

"Yaya, ƙafar Baba nake magana."

"Ni ma ita nake magana! Wa ya fi ni son Baba? A ba ni ɗan lokaci kawai in yi kwas ɗin nan, a mayar da sunana, sannan a kai Baba duk asibitin da kike so, ko na ƙasar waje ne."

Mama ta sa baki da muryarta ta lallashi, wadda ta fi tsawa ciwo. "Ki yi haƙuri, Auta. Ke fa matar wani ce. In aka rubuta sunanki, gidan wani aka rubuta. Guminsa na shekara da shekaru ya tafi dangin direba? Ai likitoci haka suke, komai su ce a kwantar. Mai kemis na bayan layi hannunsa yana da kyau."

Saura ta bakin Baba. Na dakatar da keken ɗinkina ina jira tare da su.

"Ni dai ba na son abin da zai raba kanku," in ji shi a hankali. "Ku daidaita. Zan iya daurewa."

To, an daidaita. Baba ya daure.

Kullum da safe sai a kawo shi a mota, ni da Auta mu kama shi mu shigar da shi bayan kantar shagon. An samo masa kujera mai hannu, an ɗora ƙafar a kan kwali a ƙarƙashin kantar, an yafa mata tawul. Daga ƙirji zuwa sama kuwa Baba tsaf yake, riga a goge, hula a zaune, tabarau a hanci. Wannan ɓangaren Manaja ne ke kula da shi, don shi ne ɓangaren da kamfani ke gani. Daga gwiwa zuwa ƙasa an bar wa Auta da mai kemis. Manaja bai taɓa sunkuyawa ya ɗaga tawul ɗin nan ba, ya ce zuciyarsa ba ta da ƙarfin ganin mahaifinsa cikin ciwo.

Duk lokacin da aka bugo daga kamfani, Manaja ke karɓe wayar. "Baba yana shago," zai ce, har da dariya. "Ga shi nan garau, ya fi ni ƙarfi." Sai ya kara wa tsohon wayar a kunne, Baba ya tattaro murya ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Ba za ka ce ƙarya aka yi ba, tunda Baba yana shago.

Batun kwas kuwa, Manaja ya yi rajista, ya kuma tabbatar duk layin ya sani. Da aka ce sai ya yi aiki a shago da hannunsa, ya zo rana ɗaya cikin fararen kaya yana ƙamshi. Ya zaɓi ƙaramar tukunya wadda babu komai a ciki, ya ɗaga ta, ya ce Auta ta ɗauke shi hoto. Yana ajiyewa ya dafe ƙugu ya ce bayansa ya amsa. Rigar aiki ta kamfani kuwa ya ce ba za ta shige shi ba, an ɗinka ta ne don ƙananan ma'aikata. Ranar jarrabawa ya makara. Ya dawo yana kumfar baki, wai an fara ba a jira shi ba, alhali sun san shi ne magajin wakili. Aka ce sai rukuni na gaba.

"Ɗan lokaci ne, Baba," ya ce daga bakin ƙofa. "Ka ƙara daurewa kaɗan. Duk don ku nake wannan wahalar."

Baba mutum ne mai barkwanci. Da can in na leƙa sai ya ce, "Maƙwabci, yaushe za ka daina yi wa mutane alkawarin gobe?" In ce masa ranar da gas ɗinsa ya daina ƙarewa ana tsakiyar girki. Da tafiya ta yi tafiya tsokanar ta ragu, ta koma ɗaga hannu, ɗaga hannun ma ya koma kallo. Da rana zazzaɓi ke rufe shi, yana rawar sanyi a shagon da kwanon rufinsa ke tafasa. In fitsari ya matsa masa sai an jira babu mai saye, a sauke ƙofa rabi, Auta ta fita ta ba ni wuri in taimaka masa da roba. Duk lokacin sai ya kau da kai ya ce in yafe masa. Wallahi wannan neman yafiyar ta fi komai ƙona min rai.

Yatsan ya yi baƙi. Na kusa da shi ya bi shi. Mai kemis, da aka ce hannunsa yana da kyau, ya fara zuwa da takunkumi biyu a fuska, daga baya ya ce wa Auta a gabana, "Ni fa nan ilimina ya ƙare. Ku kai shi asibiti tun da sauran abin ceto." Da aka gaya wa Mama sai ta ce ai dama ta lura mutumin nan ya fara girman kai, za a nemo wani.

Na ga abin ya wuce a yi shiru, na tare Manaja a bakin motarsa.

"Manaja, don Allah ku ji tsoron Allah ku kai tsohon nan asibiti. Ƙafar nan ta lalace."

Ya dube ni daga sama zuwa ƙasa. "Malam Tela, ashe har likitanci kake taɓawa? Ma sha Allah. Kai harkar kamfani ba ɗinkin aljihu ba ce. Akwai dabaru a ciki da ba kowa zai gane ba. Ka ji da zarenka, mu ji da ubanmu."

Na koma na ji da zarena.

Auta ma ba zama ta yi ba. Ta ce to a sa sunanta, ta yi rantsuwa a gaban duk wanda suka zaɓa cewa ko sisi ba za ta kai gidan mijinta ba. Manaja ya ce ba kuɗin ba ne, mutunci ne, da wane ido zai kalli abokansa a ce ƙanwarsa ce mai shago yana raye. Ta ce to ta haƙura, kamfani ya zo ya kwashe kayansa, ita ubanta take so. Mama ta ce, "Sannan mu ci me? Ke kina da mai ciyar da ke." Ranar da Auta ta ɗauki waya ta ce ita za ta kira kamfani da kanta, Mama ta zauna daɓas a ƙasan shago ta ɗora hannu a ka.

"Kira! Ki kira, Auta. Amma ki sani kina kira babu ni babu ke. Ki tona mana asiri, ki karɓe abincin ɗan'uwanki, duniya ta ce kin kyauta."

Baba ya ɗago hannu da ƙyar. "Ajiye wayar, uwata. Kada ki sa mahaifiyarki kuka saboda ni."

Ta ajiye. Ta shigo shagona ta zauna a kan bencin masu jira, ta yi kuka mai isarta a cikin mayafi, sannan ta wanke fuska ta koma, don wani ya zo da tukunya yana ƙwala sallama.

Sai wari ya fara. Da farko sai ka matsa kusa da kanta. Daga baya yana tarar mutum a bakin ƙofa, har ya fara ratsowa shagona yana kama yadin mutane. To wari a shagon gas ba abin wasa ba ne. Wata mata ta shigo, ta ja hanci sau biyu, ta jefar da tukunyarta ta fita a guje tana ihu gas yana yoyo. Masu saye suka fara tsayawa daga tsallaken titi suna miƙo tukunya kamar masu ba kura abinci. Manaja ya kawo maganin matsalar nan take: kwalaben turaren fesawa guda guda har kwali, ya ce Auta ta riƙa fesawa duk bayan ɗan lokaci. Ya kuma sayo wa Baba sabuwar hula.

Ban san wanda ya kai ƙara kamfani ba, amma ina zargin matar nan mai ihu, Allah ya yi mata albarka. Wata rana da hantsi sai ga motar kamfani ta tsaya babu sanarwa. Jami'in ya fito, matashi ne mai natsuwa, da jakar kayan aiki. Yana taka bakin ƙofa ya tsaya cak.

"Kowa ya kashe waya! Malam, kashe dutsen gugarka. A matsa baya!"

Kafin ka ce me, layin ya watse, mai walda na can ƙarshe har da barin takalmi. Auta ta tsaya a bakin ƙofa. An bugo wa Manaja kafin a kashe wayoyi, ya iso yana haki, amma ya tsaya tsallaken titi, don shi ma zuciyarsa ba ta da ƙarfin gobara. Daga can yake ɗaga murya, "Ranka ya daɗe, komai lafiya! Baba yana shago!"

Jami'in ya ce a fito da tsohon tukuna. Baba ya girgiza kai ya riƙe hannun kujera, don an riga an koya masa cewa tashinsa daga wurin nan shi ne rushewar gida. Jami'in ya ga ba lokacin gardama ba ne, ya haɗa ruwan sabulu a roba, ya fara bin tukwane ɗaya bayan ɗaya yana shafa wa bakinsu, yana jiran kumfa ta taso. Babu. Ya bi bututu, ya bi mahaɗa, ya bi babban tanki na baya. Babu. Ya fito da na'urarsa ta gano yoyon gas ya zagaya da ita lungu lungu, ta yi shiru abinta. Gumi ya jiƙe masa riga. Ya tsaya tsakiyar shago yana jan hanci, fuskarsa ta nuna ya fara gane wannan ba warin da ya sani ba ne. Ya bi shi a hankali har gaban kanta, ya durƙusa.

"Ɗana," in ji Baba, murya can ƙasa, "kada ka ƙara wahalar da kanka. Tukwanenku lafiyarsu ƙalau. Ni ne."

Jami'in ya ɗaga tawul ɗin. Da ya miƙe idonsa ya kaɗa, ya dubi Auta.

"Tun yaushe?"

Bai jira amsarta ba ya ci gaba.

"Ke ba ke ce kika yi kwas ba? Da an sanar da mu ai da tuni an gama mayar da suna, ba wani abu ne mai wuya ba. Wa ya ce ku yi haka?"

Wanda ya kamata ya amsa yana tsallaken titi yana gyara zaman makullai a yatsa. Ni da jami'in muka ɗauki Baba da kujerarsa muka sa a bayan motar kamfani, inda ake jera tukwane, Auta ta hau ta riƙe masa kai.

A ƙasan gwiwa aka yanke. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da ba ƙafa ake magana ba.

Kamfani kuma ya yi nasa. Ya ce an ɓoye masa gazawar wakili, an kuma yi ta yi masa ƙarya a waya, saboda haka ya dakatar da wakilcin, kuma wakilcin da aka dakatar ba a mayar da shi sunan kowa sai kwamiti ya zauna. Suka zo suka kwashe tukwane, suka rufe allon da baƙar leda, suka sa nasu kwaɗon a ƙofa.

Gida ya zauna ya binciko masu laifi, kuma an same su da yawa. Mai kemis, da bai iya aiki ba. Jami'in kamfani, yaron da ba shi da tarbiyya, mai ɗaga tawul ɗin sa'an ubansa. Ni, mai baki. Sai babbar mai laifi, Auta, wadda in ji Mama da ta riƙa fesa turaren nan yadda aka ce, da duk haka ba ta faru ba. Ita mai laifin ce ke kwana a kan tabarma a asibiti, ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci a baki. Manaja bai samu leƙawa ba tukuna, yana can yana zirga-zirgar ceto shago, kuma kun san zuciyarsa.

Na je dubiya. Baba ya rame ya zama kamar yaro a cikin zanen rufa. Ya kama hannuna ya ce, "Maƙwabci, ka san abin mamaki? Yatsan nan da babu shi, shi ke min ƙaiƙayi. In kai hannu in sosa, sai in tarar da katifa." Ya yi ɗan murmushi don in yi dariya. Na kasa. Sai ya tambaye ni ko yaran sun shirya tsakaninsu, na ce masa ana nan ana ƙoƙari.

Irin wannan gida ba ɗaya ba ne, kuma babu wanda ke kiran abin da sunansa. Ba duka aka yi ba, ba zagi aka yi ba, ba a hana shi abinci ba. An ce masa Baba, an rusuna an gaishe shi, an goge masa riga. An dai zaunar da shi ne yana ruɓewa don kada sunan 'yarsa ya hau allo, kuma duk wanda ya sa hannu a ciki yana da hujjar da zai iya maimaitawa a gaban jama'a ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Ana gobe kwamiti zai zauna sai ga Manaja a shagona, fuska a sake, kamar ba shi ne ya ce in ji da zarena ba. Ya zaro wandon Baba daga leda ya shimfiɗa a kan teburina.

"Malam Tela, aikin gaggawa ne. Gobe za mu ɗauko Baba daga asibiti na ɗan lokaci, mu kai shi gaban kwamiti a keken guragu. Na yi tunani sosai, in suka gan shi da idonsu dole su tausaya, su buɗe mana shago, su ba ni lokaci in gama kwas. To so nake ka datse ƙafar wandon nan daga gwiwa, ka kalmashe bakin da kyau, yadda dungulmin zai fito fili da bandejinsa. Kada wani abu ya rufe shi. Ka gane dabarar?"

Na ce na gane. Na ɗauki almakashi, na daidaita wandon, na dube shi.

"Wace ƙafar?"

Ya dubi wandon. Ya dubi nasa ƙafafun, ya ɗan ɗaga ta dama, ya ajiye, ya ɗaga ta hagu. Sannan ya zaro waya ya buga, ya sa a kunne yana kallon titi.

"Auta, ya mai jiki? Yauwa. Wai don Allah tuna min, wace ƙafar ce ma aka yanke wa Baba?"

Sai wayar ta yi ƙit. Manaja ya ciro ta daga kunne ya ƙura mata ido, ya girgiza kai cikin takaici.

"Ka ga halin yarinyar nan ko? A haka ake so a ba ta shago." Ya mayar da wayar aljihu, ya duba agogo. "Yanke ta dama kawai. In ba ita ba ce, sai a juya masa wandon."